Kwalaye Shida na Baba

Ranar sha huɗu ga Zulhajji, shekarar da na cika sha biyu, ina tsugune a bakin ƙofa ina kankare tukunyar shinkafa, sai na hango Baba yana hawowa matattakalar unguwarmu, kwali a ka, wani a kafaɗa. Gidanmu a jikin dutse yake, cikin unguwannin Hausawan Makka inda mota ba ta hawa, komai sai an ɗauko shi a ka. Alhazai sun watse daga Mina, kuma kowace shekara a irin wannan rana Baba yakan dawo daga aikin dako da abin da suka bari: barguna, butoci, silifas wari-wari, wani lokaci har da ragowar buhun shinkafa. Na yar da tukunyar na ruga, ƙannena suna biye da ni. Da aka buɗe kwalin sai ga littattafai. Muka buɗe na biyu, nan ma littattafai. Ƙanina ya yi tsaki ya koma wasansa. Baba ya share gumi da gefen hiraminsa, ya dube ni ya ce, "Uwata, makarantarki ce ta iso." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na dubi Umma, sai ta kawar da kai. A nan na gane ba za ni makarantar gaba ba, kuma kowa a gidan ya sani sai ni.

A Makka aka haife ni, amma ba mu da igama, wato takardar izinin zama. Iyayena sun zo aikin hajji suka zauna, kamar rabin mutanen unguwar. Firamare na yi ta a ɗakin Abla Rakiya, wata malama da ke tara 'ya'yan marasa takarda tana koya musu karatu da rubutu da lissafi, kuma ni ce ta ɗaya, ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. A haukana na ɗauka wanda ya yi na ɗaya dole a buɗe masa ƙofa. Har na sa Umma ta auna ni don ɗinkin rigar makaranta irin ta Samira ƙawata, wadda babanta ke da takarda, Umma kuwa ta biye mini ta auna ni. Ranar da kwalayen suka iso na yi kuka har muryata ta dishe. Kawu Sale, yayan Umma, direban bas ne a unguwar Aziziyya kuma shi kaɗai ke da igama a danginmu. Ya zo ya ce a daina wahalar da yarinya, a tura ni Kano wurin gwaggona in shiga makaranta sosai. Kano ɗin da ban taɓa gani ba sai a bakin alhazai. Kuma na san wanda ya fita ba takarda ba ya dawowa. Baba ya ƙi. Suka yi ta ja har aka tsaya a kan shekara guda: in yi karatu a gida, bayan hajji mai zuwa Kawu ya zaunar da ni ya gwada ni. In ban amsa ba, in tafi.

Littattafan ba na alhazai ba ne kaɗai. Akwai wani dattijo mai shagon littattafai kusa da Harami da Baba ya daɗe yana yi wa dako, da aka rushe layinsu sai ya bar masa abin da bai iya kwasa ba. Manyan littattafai ne na mutanen da: nahawu, fiƙihu, tarihin dauloli, waƙoƙin Larabawa, labaran matafiya, har da na masu tunanin wasu ƙasashe da aka mayar Larabci. Baba ya baje su a saman soro bayan la'asar, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, ya jera kwalayen zamzam guda shida, uku na shekarun mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, uku na sanawi, wato babbar, daidai da yadda Samira za ta yi. Baba yana karanta Alƙur'ani da rubutun gida, yana kuma jin Larabcin kasuwa, amma na littafi ba ya jin sa, bai kuma taɓa cewa yana ji ba. Sai ya yi abin da ya iya. Ya ɗauki littafi ya jinjina shi a tafin hannu, in ya ji sakayau ya jefa a kwalin farko, in ya rinjayi hannu ya kai na shida. "Ni ɗan dako ne," in ji shi, "ban taɓa ɗora wa sabon yaro buhu ranar farko ba." Ya liƙe biyar da salatif, ya ɗora su a lungun soro, ya ce kada wanda ya taɓa sai lokacinsu ya yi.

Haka na shiga shekarar da ta fi kowace ba ni wuya. Da safe in sayo burodin tamis da waken ful, in ja ƙannena zuwa ɗakin Abla, in tare motar ruwa a gindin dutse da jarkoki, sannan in zauna da ɗan littafi siriri kamar fatar albasa. Ina iya karanta kowace kalma, amma in na haɗa su sai in ji kamar an rufe ni a ɗaki ba taga. Layi ɗaya sai in wuni a kansa. Ina jiyo yara suna carafke a matattakala, ni ina fama da baitocin nahawu da ban san inda suka dosa ba. Na kai wa Abla Rakiya, ta juya shi ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Da yamma Baba yakan zauna da shayinsa ya ce in karanta masa, in yi ta rerawa kamar aku, shi kuwa yana gyaɗa kai cike da jin daɗi. Ni da nake taƙama da ƙwaƙwalwa sai na fara yarda cewa daƙiƙiya ce ni. In wannan ne mara nauyi, me zan yi da na kwali na shida? Kullum na ga jirgi ya wuce sai in tuna da maganar Kano.

Ana saura 'yan watanni hajji aka yi ruwan nan na Makka da ke zuwa ba sallama, matattakala ta koma kogi. Kwalayen lungun soro suka jiƙe sharkaf. Washegari Umma ta sa ni shanya littattafan a rana, ina buɗe su shafi-shafi kada su manne. Ina cikin buɗe wani ƙato daga kwali na shida sai idona ya faɗa kan layin da na sani. Layin da ya sa ni kuka ne, yana zaune a saman shafi cikin baka, a ƙarƙashinsa kuma bayani ne har shafi uku, dalla-dalla, da misalai irin waɗanda ko ƙanina zai gane. Na jawo wani, na jawo wani, duk haka. Ashe siraran nan su ne curarren ilimin da malamai ke haddacewa, masu kaurin kuwa sharhinsu ne, an rubuta su don mai koyo. Labaran matafiya ma, masu daɗi kamar tatsuniya, suna can an ajiye mini sai na kai sha bakwai.

Ban jira Baba ya gama hawowa ba, na tare shi a matattakala da littafin a rungume, ina dariya ina ba shi labari. Murna nake yi, wallahi, don na gano ba kaina ne ya toshe ba. Ya ajiye kayansa ya zauna a nan kan dutse. Ya sa na maimaita masa, na maimaita. Sannan ya ce, "Wato duk watannin nan kina ɗauke da abin da ya fi ƙarfinki, ni ina zaune ina gyaɗa miki kai?" Na ce ai yanzu an gane, sai mu sake jeri, kafin hajji zan kama. Ranar bai sha shayi ba.

Da Juma'a ta zo ya tafi Aziziyya da ƙafarsa, ya ce wa Kawu Sale ba sai an yi gwaji ba, a fara neman takardar fita. Kawu kansa ya kaɗu, ya dawo yana ba shi haƙuri, yana cewa a bari shekarar ta cika. Umma ta yi kuka, ni na yi birgima, na yi rantsuwa zan karance kwalayen duka. Baba ya ce wannan kuskuren ruwan sama ne ya tona shi, na gaba wa zai tona? Ya ce ba zai sake gwada abin da bai sani ba a kan 'yarsa. Bayan hajji na bi wata maƙwabciyarmu zuwa Kano. Ya raka ni har gindin dutse, jakata a kansa, bai bari kowa ya karɓa ba. Ban ƙara ganinsa ba sai a waya, ina aji biyar na sakandare ya rasu.

Yanzu ni ma ina da 'ya mai shekara sha biyu, kuma da zaɓina nake koyar da ita a gida. Na zauna na tsara mata karatun shekara shida, na san wanda zai zo gaba da wanda zai biyo baya, in na rikice ina da malaman da zan tambaya. Komai da Baba ya rasa ina da shi, kuma a Kano na samo shi, inda ya tura ni. Na san daidai ya yi. Amma duk ranar da alhazai suka fara tashi sai in tuna na gudu da ƙafata na kai masa labarin, ina dariya. Har yau ban san ko gara da na yi shiru ba.