Miyau a Kwalbar Tica

A gidanmu na Yendi ba a barin gashin aski a ƙasa, ba a yar da farce, balle miyau. Abin da ya fita daga jikinka, in ya shiga hannun maƙiyi, kai ma ka shiga. Baba malami ne, mutane na zuwa yana musu tofi, kuma da ƙyar ya bar ni na shiga boko. Ya ce ranar da ya ga abin da bai gane ba, ranar zan fito. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina.

Sai ga sabon tica a makarantarmu ta midil, mutumin kudu, mai fara'ar da ta yi yawa. Ya raba mana 'yan kwalabe ya ce kowa ya tofa. Ban so ba, amma bulala na rataye, na tofa. Ya zuba ruwan kamu a kai, muna ɗiba muna ɗiga aidin, maganin nan na ciwo, shi yana duban agogo. Da farko abin ya yi shuɗi kamar ruwan rini, can sai launin ya daina fitowa. Wai akwai wani abu a miyau da ke narkar da kamu ya mai da shi sukari, saurinsa muke aunawa. Nawa ya riga na kowa. Ya yaba mini, ya ware kwalbata ya sa a kabad. Me zai yi da ita? Abin ya tsaya mini a rai, da na koma gida na faɗa.

Washegari Baba ya sa rawani muka tafi. Tica har da murnarsa, da Hausarsa ta zango.

"Papa, ba magani ba ne. Ka gani da ido naka."

Ya tofa nasa, ya yi komai a gabanmu, shuɗin ya tafi. Baba ya daɗe yana kallo.

"Ba ka karanta komai a kai ba?"

"Ko ɗaya, Papa."

"Ashe ko ba addu'a miyau na aiki. To ina ga na yaro a hannun wanda ya san sirrinsa?"

Ya karɓi kwalbata ya wanke da kansa, ya kama hannuna. Tica na ta bayani har bakin ƙofa. Kafin Juma'a ta zagayo ina bayan motar Bawku, za ni wurin kawuna mai albasa, ina kuka. Ban sake zama a aji ba.