Jakin Mai Yashi

Mai Yashi ake ce masa, domin yashi yake ɗiba a bakin rafi yana kai wa magina a amalanke. Jakinsa ɗaya ne, tsoho, mai gyambo a ƙirji inda igiya ke goga. Kullum da yamma sai ya wanke gyambon da ruwan gishiri ya shafa mai.

Allah ya ba shi baki. In hanya ta yi nisa sai ya tsara wa jakin waƙa, ya yabi kunnuwansa, ya zagi taurin kansa. Matarsa kan ce, "Ni ko baiti ɗaya ban taɓa samu ba, sai jaki."

Wata rana shugabar wata ƙungiyar kula da dabbobi ta ji shi a bakin wani gini. Ta naɗi muryarsa a waya, ta ɗauki jakin hoto, ta ce za a buga waƙoƙin a tara gudummawa don dabbobin da ke shan wuya. Daɗi ya kama shi har ya ƙara mata wasu.

Ranar taron tara gudummawar ya ari riga wajen ƙanen matarsa. Aka zaunar da shi can baya, kusa da ƙofa. Sai ga hoton jakinsa a babban allo, gyambon ya cika rabin bango. Wani saurayi ya tashi ya karanta waƙar kunnuwa da muryar kuka, waƙar da magina ke faɗuwa da dariya in sun ji ta. Mata suka yi ta share hawaye.

"Ɗana, me aka rubuta ƙarƙashin hoton?" ya tambayi na kusa da shi.

"Wai a taimaka a ceto shi daga hannun azzalumin mai shi."

Mai Yashi ya jira aka gama tafi, ya fice.

Ba a jima ba shugabar ta zo gidansa da likitan dabbobi da mota. Likita ya duba ya ce jakin bai cancanci aiki ba, doka kuma ta ba su damar tafiya da shi.

"Baba, don lafiyarsa ne," in ji ta. "Zai huta."

"To ni fa, 'yata? Ni wa zai hutar da ni?"

Ta ce za a duba lamarinsa. Har yau ana dubawa.

Sau ɗaya ya je gidan dabbobin da aka kai jakin. Maigadi ya ce ranar ta masu ba da gudummawa ce, don haka ya leƙa ta shingen waya. Jakin ya yi ƙiba, gyambon ya warke, an ma raɗa masa suna. Ya kira shi. Jakin ya ɗaga kunne ɗaya, ya ci gaba da cin harawa.

Yanzu da baro yake kai yashi, bayansa ya ranƙwafe. In magina sun ce, "Baba, ɗan rera mana," sai ya juye kayan ya ce numfashinsa bai kai ba.