Ƙwallo a Cikin Rijiya

Karatuna na boko aji biyu ne, shi ma na biyun rabinsa a fadamar Zauro na yi shi, ina korar tsuntsaye daga shinkafa. Har gobe in aka miƙo mini takarda, sai na duba hoto kafin in san samanta da ƙasanta. Amma na tsufa ina sayen albasa, kuma albasa ta koya mini abu ɗaya: bakin buhu ado ne, gaskiya tana gindi.

Tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato aka fara yayin makarantun ƙananan yara a Birnin Kebbi. Autata na da shekara huɗu. Uwarta 'yar masuntan Argungu ce, yarinyar kuma ta ɗauko jinin: in ta ga ruwa, hankalinta ya tafi. Na taɓa ciro ta daga randa ta ƙafa, kai a ƙasa. Da damina an taɓa tsamo ta daga kwalbati. Don haka da uwar ta matsa a sa ta makaranta, ni ba Turanci ne a gabana ba. So nake a maido mini ita da rai kowace azahar.

Uwar ta riga ta zaɓi wata a Gwadangaji, inda 'ya'yan ma'aikata ke zuwa, har ta shelanta wa matan unguwa. Na kama hannun yarinya muka tafi. An shafe bango da fenti, an zana giwa mai kama da jaka mai ciki, ga lilo a tsakar fili. Hedimasta ya shaƙe wuyansa da laktaye cikin zafin bazara, kamar ɗan akuyar da za a ja kasuwa. Ya dubi fason ƙafata, ya dubi hulata. Yarinyar ko kallo ba ta samu ba.

"Dattijo, a wane ofis kake aiki?"

"Ofishin albasa, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya jero yara suka rera mini waƙar Turanci, su ba su san abin da suke faɗa ba, ni ban san abin da nake ji ba, muka yi ta gyaɗa wa juna kai. Sai na dafe mara na ce fitsari ya matse ni. Ƙarya nake. Gindin buhu nake son gani.

Bayan azuzuwa ga rijiya, bakinta daidai da ƙasa, an jingina mata tsohon kwanon rufi mai tsatsa. Na leƙa. Jan ƙwallon roba na yawo a kan ruwa. Ina ɗago kai na ga auta ta biyo ni, har ta durƙusa tana miƙa wuya. Na damƙe ta muka koma ofis.

"Malam, rijiyarku buɗe take."

"Yaranmu ba sa zuwa can," in ji hedimasta. "'Ya'yan manya ne, suna da tarbiyya."

"To ƙwallon da ke ciki, aljannu sunka jefa shi?"

Ya gyara laktaye. "Ka kuwa san tsarin ilimin zamani?"

"Ban sani ba. Zurhin rijiya na sani."

A gida uwar ta ɗaure fuska. "Malam, ka kunyata ni. Mi zan ce ma mata?"

"Ki ce masu mijinki jahili na. Ai sun sani."

Kwana biyu bayan haka na ji labarin wata a Badariya, ta wata Bayarabiya da kowa ke kira Iya. Ɗaki biyu ne, ba giwa, ba lilo. Muna shiga ta durƙusa ta tambayi yarinya sunanta, da Hausar Kabi da ta fi tawa tsabta. Ni ba ta tambayi ofishina ba. Na dafe mara.

"Baba, bar wahal da mararka," in ji Iya. "Mi kake son gani?"

"Rijiya."

Ta kwance haɓar zanenta ta nuna mini makulli, ta shige gaba. An gina wa rijiyar baki har ƙirjina, ga murfin ƙarfe da kwaɗo kamar dunƙulen hannu. Auta ta yi ɗage ta kama kwaɗon, ta ja, ta sake ja, ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Iya ta kawo 'yar roba da ruwan da bai kai wuyan hannu ba. "Ke za ki riƙa wanke muna kofuna." Kuka ya tsaya.

Iya ta juyo gare ni. "Gobe a kawo ta. Kai kuma Baba, ka riƙa tsayawa bakin ƙofa. Warin albasarka na sa yarana hawaye."

Uwar ta yi mako tana miƙo mini tuwo fuskarta a bango. Shekara biyu auta ta yi wurin Iya, ba ta taɓa dawowa da abin da ya jiƙe ba sai hannun riga. Ni kuwa kullum azahar ina bakin ƙofa, inda aka ajiye ni.