Tafiyar da Malam Badaru Bai Faɗa wa Kowa Ba

Shekara goma sha tara muna aiki a gareji ɗaya da Malam Badaru a kan titin Gate City Boulevard, bayan wani filin sayar da tsofaffin motoci. Mutumin Gusau ne, ya zo nan birnin Greensboro tun gashinsa na baƙi. Makanike ne na gaske, kafin ka kashe inji ya faɗa maka ciwon motarka. Amma abin dariya, wannan bawan Allah ba ya iya zama a mota sai in shi ke tuƙi. Ka sa shi a kujerar fasinja daga gareji zuwa unguwar Glenwood, kafin danja ta uku ya fara gumi yana neman leda. Mun tsokane shi har mun gaji.

Ga kuma taurin kai, Allah ya sawwaƙe. Ɗansa namiji ɗaya ne, Haidar. Yaron ya yi shekara biyu a jami'a yana karatun haɗa magunguna, sai ya ajiye, wai shi hawan dutse yake so. Ya tafi jihar Colorado yana yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Ranar da ya fita, Malam Badaru ya rantse a gaban matarsa Hajiya Dalila cewa duk wanda ya sake ambatar sunan yaron a gidansa, to, shi da shi ne. Shekara huɗu ba wanda ya ambata. Na gwada yi masa magana sau ɗaya, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata, na ja bakina na yi shiru.

Bara da kaka muka je jana'izar wani abokinmu. 'Ya'yan mamacin su uku suka shiga kabari suka karɓi ubansu. A hanyar dawowa, yana tuƙi, sai ya ce, "Yahya, ni wa zai karɓe ni?"

Na ce, "Malam, ai kana da ɗa."

Ashe tun daga ranar ya ƙudura zai je Colorado neman yaron.

Ka san halin mutanenmu, ba a shelar tafiya sai an je an dawo, kada baki ya kama mutum. Shi kuma har da kunya, uba guda ya tashi bin ɗa. Ya ce wa Hajiya zai je birnin Charlotte gwanjon motoci kwana uku, ni ma haka ya ce mini. Ya zaro tsohuwar jakar goyo da Haidar ya bari, ya zuba kaya kala biyu da darduma. Adireshin kuwa daga bayan wani tsohon ambulan na wasiƙa ya kwafo, a durowar matarsa. Sauran labarin sai bayan ya dawo ya ba ni, shi ma da ƙyar.

Jirgi ya kai shi Denver, babban birnin Colorado, daga nan bas biyu zuwa Leadville, wani ɗan gari da ke sama da ƙafa dubu goma a kan duwatsu. Hanya sai murɗewa take yi. Dabararsa ta shekara da shekaru ita ce kada ya ci, kada ya sha, sai lemon tsami da kanumfari a baki. A ƙasa tana ɗan yi masa aiki. A can sama kuwa, inda iska ba ta isar mutum, ƙin shan ruwa neman bala'i ne, kuma ba wanda zai faɗa masa tunda ba wanda ya tambaya. Ya cika leda biyu kafin su isa.

Da ya sauka sai abin ya ƙaru. Ya ce kansa kamar ana dukan bodin mota da guduma. Taku goma, sai ya dafa bango yana haki. Dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya, goye da jaka kamar ɗan makaranta, ga sanyi, ga jiri, ba wanda ya sani a garin. Azahar a zaune ya yi ta a kan wani benci. Tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba ta ci masa fiye da awa guda, yana tafe yana maimaita abin da zai ce wa yaron.

Adireshin na wani masaukin mahaya dutse ne. Mai gidan, wani Bature mai gemu, Gregory, yana ganin leɓɓansa ya zaunar da shi, ya matsa masa sai da ya sha ruwa kofi uku. Sannan ya ji sunan da ake nema. Ya ce, "Ayya, Haidar ya fi wata shida da tashi."

Nan Malam Badaru ya kira gida.

Hajiya ta ce, "Malam, ya na ji numfashinka haka? Kana ina?"

Ya faɗa mata. Ta yi salati, ta fashe da kuka. Ta ce, "Tun bayan ƙaramar salla ya koma jihar Alaska. Duk Juma'a muna waya. Da ka ce mini za ka, ai da ban bar ka ba."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai ka rantse, Malam."

Abin da ke ci mini rai shi ne ni ma na sani. Rabin masallacinmu sun sani. Da ya buɗe baki ya yi mini kalma ɗaya tak a gareji, da bai je ya kusa mutuwa a kan dutsen mutane ba. Haushinsa nake ji, haushin kaina ma ina ji.

Ta turo masa lambar. Ya ce ya daɗe yana kallonta kafin ya danna. Yaron ya ɗauka, ya tambaya da Turanci wa ke magana. Malam Badaru ya ce, "Babanka ne." Duk maganar da ya shirya ta gudu, ga numfashi ba ya kaiwa, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ya aiki?" Haidar ya ce yana tare da baƙi, zai kira shi.

Washegari Gregory ya sa shi a bas ya sauko. Ya dawo mana a rame, kwana huɗu bai iya ɗaga sifana ba.

Wata bakwai ke nan. Yanzu in ya shiga ƙarƙashin mota, wayar tana kan ƙirjinsa, ya ƙure mata ƙara. Jiya ta yi kuka, ya yunƙura da sauri har ya fasa goshi a jikin ƙarfe. Wani ne ke tambaya ko an gama masa birki.