Ordinateur ɗina ta ce mini ina kwana

Na buɗe ordinateur, wato kwamfuta, da safe ke nan, Inna ta shigo da koko. Idonta ya faɗa kan allon, ta ce in karanta mata abin da ya fito.

Na karanta: "Ina kwana, Salisu? Ka tashi lafiya?"

Ta yi murmushi. "Cikin abokanka na Yamai wa ya tuna da kai?"

Na ce, "Ba kowa, Inna, ni na rubuta. Akwai harshen da ake ba na'urar umarni da shi, Python sunansa. Layi-layi nake gaya mata: in an kunna ki, rubuta kaza. Abin da na ce kaɗai take yi, ba ta ƙara ko harafi."

Ta dube ni. "Kai ke gaida kanka ke nan."

Tun da na gama karatu na dawo Dakoro, abokan suka watse, wayata ta daina ƙara.

Washegari tun kafin in kunna, na ji ƙwanƙwasa. Inna ce bakin ƙofa: "Salisu, ina kwana? Wannan ba kai ka sa ni ba."

Ku fa, wa ya gaishe ku yau ba tare da kun nema ba?