Gaisuwar Sista a Ƙofar Sito

Kafin a zuge ƙofar babban sito da safe, Sista, ma'aikaciyar jinyarmu, ta riga ta iso. Ba ta zarcewa ɗakin maganinta da ke can ƙurya, bayan sikelin awon buhuna. Jingina take yi da ƙarfen ƙofa, jaka a hammata, duk ɗan dakon da ya zo shiga ta tare shi. Kuma ba gaisuwar sannu a wuce ba ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya mai ɗakin, yaya yara, tsohuwa ta ji sauƙin ƙafar? Dole ka amsa duka, da baki. Wanda ya gyaɗa kai sai ya dawo baya.

Mun daɗe muna ɗauka son surutu ne. Mai kula da lodi ya sha ƙorafi cewa motoci na jira, ita tana tambayar lafiyar surukan mutane. Sai daga baya ta gaya mana abin da take yi.

"Me ya dame ni da ƙafar tsohuwarku? Numfashi nake saurara. Mai lafiya zai amsa mini a jere. Wanda huhunsa ya fara cika sai ya tsinka magana gida biyu, ya dafe haƙarƙari, sannan ya ce lafiya ƙalau."

Ta fara wannan tsayuwa ne bayan rasuwar wani matashin direba, wanda ya yi ta tuƙi da zazzaɓi da tari yana cewa mura ce. Ciwon huhu ne, wanda asibiti ke kira nimoniya. Lokacin da aka kai shi, cutar ta riga ta shiga jini. Tun daga nan ta gane cewa zama a ɗakin magani jiran banza ne, domin ƙato ba ya kawo kansa.

Nan ne abin haushin yake. Samarinmu sun yanke wa kansu hukunci cewa nimoniya ciwon jarirai da tsofaffi ne. Mutum yana rawar sanyi rana tsaka, yana tofar da kaki mai launin tsatsa, kowane numfashi kamar an soka masa allura a gefe, amma ka ce ya je a duba shi, sai ya nuna maka dantsensa. In ya yi ƙoƙari ya leƙa kemis, ya sayi kafso 'yan ƙwayoyi, ya sha har zazzaɓi ya lafa, ya jefar da sauran. Sista ta faɗa har muryarta ta dushe: "Huhu bai san kana da ƙwanji ba. Shi ba ya ɗaukar buhu."

Katako shi ne ya fi kowa ƙarfi a sito. Buhu biyu yake saɓawa, yana tafe yana tsokanar na bayansa. Wata safiya ya zo ƙofa, Sista ta jero masa tambayoyinta.

"Lafiya... ƙalau, Mama," in ji shi.

"Sake faɗa."

"Lafiya..." Sai tari ya sarƙe shi.

"Wuce ɗakina."

"Bari in gama mota ɗaya tukuna."

"Motar ce za ta rene maka 'yarka?"

Ya yi dariya, ya sulale cikin buhuna. Da ta aika a kira shi, aka ce ya tafi gida. Ta ɗauka hutawa zai yi, ta ba da saƙo cewa lallai ya je asibiti. Ashe ba inda ya je. Ya koma shigowa ta ƙofar baya, a kwance cikin motar kaya, don kada a ce Katako ya kwanta saboda mura. Abokansa kuma suka rufa masa asiri. Suka shirya masa lungu a bayan tulin buhuna, suna ɗaukar masa rabonsa na lodi, suna kai masa ruwa da kafso. A ganinsu wannan shi ne zumunci. Har yanzu in an tuna, rai na ɓaci: majiya ƙarfi, masu mata da 'ya'ya, sun haɗa kai suna ɓoye mara lafiya daga mai magani, kamar kaza na ɓoye ƙwai.

Abin da ya tona su ladabi ne. Dogo, babban amininsa, ya amsa gaisuwarsa a ƙofa, sannan don ya kwantar mata da hankali ya ƙara da cewa, "Katako na gaishe ki, jiki ya yi kyau."

"Yaushe ka gan shi?"

"Yanzun nan."

"Yanzun nan a ina, kai da gidanku ke gabas, nasa na yamma?"

Dogo ya soma sosa ƙeya. Sista ta miƙa masa jakarta. "Riƙe. Gaisuwar aike ba ta numfashi."

Ta shiga sito tana bin layin buhuna, ta sa aka kashe injin ɗinkin buhuna don ta ji da kyau. Tarin ne ya kai ta wurin. Katako yana zaune, don kwanciya ta gagare shi, leɓunansa sun yi toka, yana kiranta da sunan mahaifiyarsa. Ba ta yi faɗa ba a lokacin. Ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, ta ɗago kai ta ce a sauke kayan da ke cikin mota mafi kusa. Mai kula da lodi ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya kama buhu da kansa.

A asibiti hoton ƙirji ya nuna mugunya ta taru a gefe guda. Aka huda tsakanin haƙarƙari aka zura tiyo, aka sa masa iska, ya yi makonni a kwance. Matarsa ta zo da goyo, ta sami Sista tana mata kuka.

"Ya ce mini mura ce, Mama."

"Ke kuma kika yarda? Kusa da ke yake kwana, 'yata, ba kya jin yadda yake jan iska?"

"Ya ce in na gaya miki zai ji kunya."

"To ga shi nan, babu riga, da tiyo a jiki. Tambaye shi ina kunyar."

Likita ya ce da ya zo tun ranar da aka tare shi a ƙofa, mai yiwuwa magungunan sha sun wadatar. Katako ya rayu, amma gefen nan na huhu bai koma daidai ba. Buhu ya fi ƙarfinsa yanzu. Aka mayar da shi gadin ƙofa.

Sista, ke ce kika yarda a kira ki mai surutu, mai tsare hanya, muddin yaran mutane za su koma gida da ƙafafunsu. Ke ce kika sha rana a bakin ƙarfe saboda mutanen da ke zagaye ki kamar mai bin su bashi. Uwar masu taurin kai, ba mu sauƙaƙa miki ba ko sau ɗaya. Ko ranar da kika ajiye aiki aka taru don sallamarki, ana tsakiyar yabo, wani daga baya ya yi tari mai nauyi, na kusa da shi ya ce, "Mura ce." Kika ajiye kyautar da aka ba ki a kan kujera, kika ratsa taro. Waɗansu sun yi dariya. Katako bai yi ba.

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutun da muka hana ki. Ku kuma masu karatu, ba a ce ku zama ma'aikatan jinya ba. Amma in ɗan'uwanku yana zazzaɓi da tari, ƙirji na sukarsa, magana na tsinke masa, kada ku dubi dantsensa, kada kuma ku rufa masa asiri. Ku kai shi asibiti, ku tsaya a kansa har ya shanye maganin da aka rubuta.

Yanzu da Sista ta tafi, ƙofa ba ta zauna shiru ba. Motoci na jira, mai kula da lodi na duba agogo, Katako na tsaye inda take tsayawa. Shekaranjiya wani sabon ɗan dako ya gyaɗa masa kai zai wuce, ya riƙo hannunsa.

"Da baki, ƙanena. Yaya mai ɗakin?"

"Ban yi aure ba, yaya."

"To, yaya tsohuwa? Faɗa mini a jere, ina jin ka."