Ƙafar Hagu ta Injiniya Ermelinda

Duk safiyar da aka tashi da ruwa a Felgueiras, kowa kauce wa kududdufi yake yi, ban da Injiniya Ermelinda. Ita da gangan take tsoma ƙafafu har ta iso masana'antar takalmanmu. Takalmin dama yana ɗauke da tsohon shafin hana ruwa shiga, wato maganin da ake fesa wa takalmi, na hagu kuwa da sabon haɗin da take gwadawa.

Tsohon shafin yana aiki, sai dai da sinadari mai hawa kai ake narka shi, matan ɗakin feshi kuma su wuni suna shaƙa. Graciete, wadda muryarta ke cika cocin unguwarmu, tari ya ci ƙarfinta har ta daina waƙa. Likita ya ce ko ta bar aikin, ko ta rasa huhunta, ga 'ya'ya tana riƙe da su ita kaɗai. Ermelinda ta roƙa aka mayar da ita sashen kwali na wucin gadi, ta kuma ɗauki alkawarin haɗa shafin da za a dama da ruwa zalla.

Abílio mai gadi ya samu abin tsokana.

"Injiniya, ruwa ya kori ruwa? Gobe kuma sai mu kashe gobara da fetur! Yau wace ƙafa ce ta sha?"

"Ta hagun ce dai, Abílio. Hankalinka ya kwanta?" Tana faɗa tana matse safa.

Haka aka ɗauki shekaru, mura ba ta rabuwa da ita. Ran nan ta cire takalmin a bakin ƙofa, ta miƙa masa safar.

"Taɓa, ta hagu ce."

Ya taɓa, ya sake taɓawa, ya ji ta a bushe. "Kai! Anya ba tsallake kududdufin kika yi ba?"

Ermelinda, ke ce kika ƙi yarda bushewar ƙafar mai saye ta zama ciwon ƙirjin mai feshi. Mai ƙafar hagu, muna alfahari da ke, mun gode. Masu tasowa, in za ku gwada abu, ku fara gwada shi a jikinku kamar ita.

A makon jiya ta yi ritaya. Graciete, wadda ta daɗe da komawa ɗakin feshi, inda yanzu sabon shafin ake fesawa, ta miƙe a wurin walimar ta rera waƙa tun daga farko har ƙarshe. Duk muka kasa kunne muna jiran tari. Bai zo ba.